Taragon Gawayin Ɗanlarai

Salaga, 14 ga Maris, 1989

Zuleha,

Tun shekarar da aka raba gadon mahaifina ban ƙara rubuta wa gidanku ko layi ɗaya ba, kuma ban yi nadama ba. Na faɗa miki wannan tun farko don kada ki ɗauka tsufa ne ya sanyaya ni. Bayan haka ina gaishe ki, ina gaishe da mahaifiyarki Adisa. Ina yi muku ta'aziyyar Lariba, ko da yake labarin bai iske ni ba sai a bakin wani direban lorin doya, bayan an yi arba'in. Allah Ya ji ƙanta. Ni lafiyata ƙalau, in ban da idon hagu da ya fara yana.

Ba ki san ni ba. Ni ne Idirisu, wan kakarki Lariba, uba ɗaya, ɗaki daban. An ce kin yi karatu kin zama nas a Bawku. Shi ya sa na zaɓe ki, don ki karanta da kanki.

Mahaifinmu Ɗanlarai falke ne na goro, ya san kowace hanya daga nan har bakin Volta. Ina yaro wani Baturen safiyo ya zo auna inda layin dogo zai bi daga Kumasi zuwa arewa, Baba ya yi masa jagora rani biyu. Da Baturen zai tafi ya ba shi ƙaramin jirgin ƙasa na ƙarfe da tagulla: kan jirgi, taragon gawayi, da taragon fasinja. Ya ce masa a ma'aikatar da za a ƙera jirgin Salaga aka ƙera wannan, siffarsa ce, ya riƙe kafin babban ya iso. Baba ya yarda. Ya ƙi noma filinsa da aka kafa wa turaka, yana jiran tasha. Jirgi bai zo ba. Mutanen gari suka sa masa suna Ɗanlarai Mai Tasha, suka ce abin wasan ɗan Bature ne ya tsinta a bola ya ɗora masa labari. Da wannan sunan aka binne shi.

Na yi makaranta a Tamale, na yi kwalejin malamai, na koyar a Krachi da Bimbilla da nan. Abin da na samu a ƙarshe kabad ne guda cike da ƙananan jirage, wasu na saya, wasu ɗalibai suka kawo mini. Kowanne da tambarinsa: wannan Ingila, wannan Jamus, wannan Japan. Na san asalin kowa. Na Baba kaɗai ne babu ko harafi a jikinsa.

A watan jiya na kai su makaranta ranar ba da kyaututtuka. Sabon hedimasta, yaron da ni na koya masa riƙe fensir, ya ɗaga na Baba da hannu ɗaya ya ce, "Malam, irin wannan ai kwando ake cikawa da su a kantunan Kumasi lokacin Kirsimeti." Dattawa suka yi dariya. Wani daga baya ya ce, "Mai Tasha!"

Ina da tsohon ɗalibi, Yussif, yana aiki a ma'aikatar reluwe a Sekondi. Ya duba kan jirgin ya ce nauyinsa da aikinsa ba na kanti ba ne, amma masu irin wannan ƙira a ƙarƙashin taragon gawayi suke buga suna da lamba. In ya ga lambar zai iya gano inda ya fito.

Taragon gawayi yana gidanku. Ranar rabo malamai suka ƙirga gunduwa uku, suka ce biyu na namiji, ɗaya na mace. Ina Krachi, kafin in iso an naɗe shi cikin kayan Lariba. Na ce jirgi abu ɗaya ne, ba a raba shi. Mijinta ya ce ɗan boko yana son cinye gadon mace. Kada ki tambaye ni me ya sa ban taɓa juya shi na duba ba tun Baba yana raye. Ba ya barin kowa ya taɓa, ni kuma na yarda da maganarsa, ban ga dalilin neman tambari ba.

Ki nemo shi.

Idirisu Ɗanlarai


Bawku, 9 ga Mayu, 1989

Kaka Malam,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, sai zafi, sai ƙyanda da ta cika mana asibiti da yara. Inna Adisa ta amsa ta'aziyya. Ina idon? Kada ka bari masu ɗiga ruwan ganye su taɓa shi, ka ji?

Ashe ina da tsohon miji a Salaga ban sani ba! Kuma wasiƙar farko babu ko goro, sai oda kamar sajan. "Ki nemo shi." To angona, na nemo, amma ka zauna kafin ka karanta.

Ban sha wahala ba, don kowa a gidanmu ya san shi. Mu kaskon Kaka muke ce masa. Tun ina rarrafe, kowace Juma'a da safe Kaka Lariba takan ɗebo garwashi ta zuba a ciki, ta barbaɗa turaren wuta, ta tura shi da ƙafa daga wannan ɗaki zuwa wancan, tun da yana da taya. Takan ce babanta ya gaya mata na ɗaukar gawayi ne, to ga shi yana aikinsa. Duk zanenta ƙamshinsa yake yi. Ranar da ta rasu ma da shi aka turara ɗakin.

Ya yi baƙi ƙirin, babu sauran fenti. Tayoyin suna nan, ɗaya tana ƙara.

Sai dai na yi kuskure ɗaya. Inna ta ga wasiƙa daga Salaga ta ce sai na karanta mata duka. Da na iso wurin malamai da rabo ta ajiye tsintsiya. Ta ce, "Wato uwata ba ta bushe a kabari ba ya dawo karɓar rabonta?" Na ce dubawa kawai kake so. Ta ce, "Haka 'yan boko suke farawa, da dubawa." Ta ɗauke shi ta kulle a akwatinta.

Ka ba ni lokaci. Kuma in za ka sake rubutu ka sa mata gaisuwa mai ɗan tsawo, ita ma 'yarka ce.

Amaryarka,
Zuleha


Salaga, 2 ga Yuni, 1989

Zuleha,

Na gaishe ku. Idon yana nan yadda yake.

Garwashi. Na karanta wurin nan na ajiye takardar, na fita har bakin tsohuwar rijiyar unguwarmu na dawo, na sake karantawa ko zai canza. Abin da mahaifinmu yake gogewa da gefen rawaninsa, abin da ba ya fito da shi sai ranar Sallah, shi aka mayar kaskon turare ana tura shi da ƙafa. Na faɗa tun a lokacin cewa bai kamata a sa shi a hannun wadda ba ta san darajarsa ba, aka ce ina da son zuciya. To ga shi.

Ki gaya wa Adisa ba na neman gadon kowa. Me zan yi da gado? 'Ya'yana biyu suna Abidjan, ba su san ko ina raye ba. Gidan nan rabinsa ya zube a damina, awaki ne suke kwana a ɗakin da na yi karatun jarrabawa. Abu ɗaya nake so kafin in mutu, in tsaya a ƙofar masallacin Juma'a in ce wa mutanen garin nan ga sunan ma'aikatar, ga lambar, Ɗanlarai bai yi ƙarya ba. Ko kuma in san ya yi, in daina wahalar da kaina.

Batun amarya, ki bari. Na tsufa da wasa.

Idirisu


Bawku, 20 ga Janairu, 1990

Kaka Malam,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yi haƙuri da shiruna. An tura mu Garu allurar rigakafi, muna yawo ƙauye ƙauye a babur, na dawo da zazzaɓi. Yanzu na warke.

Gaskiya kuma fushi na yi. Wannan karon ban karanta wa Inna ba, amma ƙanin mijinta ya tsinci takardar a kan tebur ya karanta mata, har da "wadda ba ta san darajarsa ba." Ta yi kuka. Ta ce uwarta ba ta iya boko ba, amma ba ta taɓa kwana ba ta yi wa Ɗanlarai addu'a ba, kuma duk Juma'ar da ta kunna turaren nan sunansa take fara kira. Ta ce kai da ka san daraja, ka taɓa zuwa ka ga inda ƙanwarka take kwana? Amsar wannan taka ce, Kaka. In kana da ita ka aiko.

Duk da haka na yi maka aiki. Ranar da ta tafi suna na buɗe akwatin, don na san inda take ajiye mabuɗi. Na juya taragon. Gindin ya yi kauri da kunkunniya da ƙaron turare da ya narke ya daskare, ta gefe ɗaya kuma wuta ta ci shi har ya fara huji. Amma a tsakiya, in ka shafa da yatsa, akwai rubutu. Layi biyu ne, na ƙasa kamar lambobi. Ban iya karanta komai ba.

Muna da sifirit da auduga a asibiti. In ka yarda in jiƙa shi a hankali in goge, in kwafe maka abin da ya fito harafi harafi, in mayar mata akwati ba ta sani ba. Aikin rana ɗaya ne. Hannuna yana ɗinke fatar jariri, ba zai ɓata ƙarfe ba.

Ka ce to kawai.

Zuleha


Salaga, 11 ga Fabrairu, 1990

Zuleha,

Na gode Allah da kika warke.

A'a. Kada ki sa masa sifirit, kada ki sa masa ruwa, kada ki kankare shi da farce. Ba ki san ko rubutun bugu ne ko fenti ba. In fenti ne, shafa ɗaya zai tafi. Gidanku ya riga ya yi masa abin da ya yi. Kuma ko kin kwafe, me zan nuna wa mutanen nan? Takarda da rubutun jikata? Za su ce mu muka zauna muka ƙirƙira, kamar yadda suka ce Baba ya ƙirƙira. Na san su. Sai sun ga ƙarfen, sai Yussif ya buɗe shi da hannunsa a gabansu.

Da idona nake so in gani. Na rayu a kan maganar wani, ba zan mutu a kan maganar wata ba.

Batun zuwa Bawku da ban yi ba, hanyar da ta kai can ita ce ta kawo nan. Lariba ma ba ta zo ba.

Ki bar shi yadda yake har Adisa ta huce.

Idirisu


Yendi, 5 ga Oktoba, 1992

Kaka Malam,

Sallama. Kana lafiya? Na rubuta maka sau da dama babu amsa, ban sani ba ko gidan waya ne ko kai ne. Wata mai sayar da kifi daga Salaga ta ce tana ganinka a kasuwa kana tafe kana lalube da sanda. Gaskiya ne?

An yi mini canji zuwa Yendi, ga adireshin a sama. Na yi aure bara, mijina malamin gona ne. Ka ga ka yi sake an ƙwace maka mata.

Yanzu tsakaninmu tafiyar yini ce ta Bimbilla. Likitan ido yakan zo nan lokaci lokaci, yana cire yana, mutane suna komawa gida suna saka zare a allura. Ka zo ka sauka wurina. Ba sai ka yi mini hira ba, ka zauna ka ɓata rai yadda ka saba, ni zan dafa.

Taragon yana Bawku a akwatin Inna, ban taɓa shi ba kamar yadda ka ce. Ta fara sanyi. Da Sallah ta tambaye ni, "Tsohon nan na Salaga, wa yake dafa masa?" Ka rubuta mata layi biyu, Kaka. Ba ni ba, ita. Ka kira ta 'yarka, ka ambaci uwarta da alheri. Abin da take jira ke nan tun farko.

Zuleha


Salaga, 17 ga Yuli, 1993

Zuleha,

Allah Ya sa albarka a auren. Wasiƙunki sun zo. Ban amsa ba don ba ni da sabon abin faɗa.

Ki yi haƙuri da girman rubutun, haka nake iya ganinsa. Hagun ya rufe. Idon dama yana ganin fitila da inuwar mutum. Ba zan zo a yanka ni ba. Na ga wanda aka yi wa a nan, ya tafi da ido ɗaya ya dawo babu ko ɗaya. Jiragen ma yanzu da hannu nake gane su. Na Japan ba su da nauyi, kamar gwangwanin madara. Na Baba in na ɗauka sai na sa hannu biyu. Ina wana shi da mabuɗi in ɗora a kan tabarma in saurara. Har yau bai taɓa tsayawa a rabin hanya ba.

Yussif ya rubuto, zai bar aiki ƙarshen baɗi ya koma garinsu. Ya ce ma'aikatar ma ta zama kango, ciyawa ta fito a tsakanin layuka, tsofaffin littattafan da zai duba ana ɗaure gyaɗa da su. Ƙasar da ta kasa kai jirgi Salaga yanzu ta kasa riƙe wanda take da shi.

Ga takarda daban na sa a ciki, ta Adisa ce. Na rubuta abin da kika ce. Na ƙara da cewa Lariba ce take ɓoye mini tuwo in Baba ya hana ni abinci don na ƙi zuwa makarantar allo. Wannan gaskiya ne, ba don tarago na faɗa ba.

Idirisu


Yendi, 28 ga Agusta, 1994

Kaka Malam,

Kana raye? Don Allah ko layi ɗaya. Tun da faɗan ƙabilun nan ya tashi a farkon shekara babu lori tsakaninmu da ku, babu wasiƙa. Mun ji abin da ya faru a ƙauyukan Salaga, ku ma kun ji namu. Ba zan rubuta abin da na gani a asibiti ba. Mu dai muna nan, ni da mijina da 'yar da na haifa ana tsakiyar abin. Na sa mata Lariba.

Ga labari mai daɗi, ko ɗaya ne a shekarar nan. Takardarka ta kai wa Inna tun bara. Aka karanta mata, ta sa aka maimaita wurin tuwon. Ta ce, "Ashe ya tuna." Ta aiko mini cewa ta yafe, kuma tarago naka ne, ba aro ba, kyauta. Rufewar hanya ce ta hana shi tahowa. Yanzu da sojoji suke raka motoci, ta ba wani direba amintacce, Awudu, mai kai albasa kudu ya dawo da doya. Zai biyo ta Tamale ya kawo maka har gida. Ban samu na je Bawku ba, ban gan shi ba, amma ta ce ta shirya shi da kyau.

Ka kira Yussif tun bai tafi ba. In an karanta, ni ce ta farko da za ka gaya wa, ko kishiyoyina na Salaga su ji haushi.

Zuleha


Salaga, 30 ga Satumba, 1994

Zuleha,

Ina raye. Allah Ya raya Lariba ƙarama.

Ya iso. Awudu ya kawo shi a cikin sabon kwano mai murfi, an naɗe da farin ƙyalle, an cika cikinsa da goro da turare. Ya ce Adisa ta ce a gaishe da babanta, wato ni.

Na kwance. Ko da idona na ga yana ƙyalli. Na juya shi na shafa. Sumul, Zuleha. Babu kunkunniya, babu huji, babu layi biyu. Na bi gefe da farce na ji dalma sabuwa zagaye da shi. Na kai wa maƙwabcina tela ya duba mini a rana, ya ce, "Malam, ai wannan gindin sabo ne, har da zanen kifi a ciki, gwangwanin sadin ne aka buɗe."

Wannan ba gindinsa ba ne. Ina nasa? Ki bar duk abin da kike yi ki tafi Bawku.

Idirisu


Yendi, 19 ga Oktoba, 1994

Kaka Malam,

Na je. Na goya yarinya na hau lori washegarin da takardarka ta zo.

Inna ta tare ni da murna, tana tambaya ko ka ji daɗi. Ta ce da ta fito da shi ta ga yadda ya yi, kunya ta kama ta. Ta ce, "Shekara nawa ba mu gaisa ba, sai in aika wa wan uwata abu baƙi mai huji, ya ce haka muka riƙe kayan ubansa? Ko kwanon maƙwabta ba a mayar da shi da datti." Ta kwana biyu tana dirzarsa da toka da yashi da lemun tsami. Da ta ga gindin ya ƙi, ya ma ƙara ɓulewa, ta kai wa mai gyaran bokiti a bakin kasuwa ya yanke ya sa sabo. Ba ta san rubutun kake nema ba. Ta ɗauka taragon kake so. Wasiƙar da ka ce kada a taɓa, ni ka rubuta wa, ni kuma ban gaya mata ba, don da na gaya mata da ta san na buɗe akwatinta.

Na je wurin mai gyaran. Ya tuna. Ya ce tagulla ce mai kyau, da ya sa ta a wuta dattin ya ƙone rubutun Nasara ya fito fes, layi biyu, da wani ɗan zane a gefe. Na ce me aka rubuta? Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ni ko sunana ban sani ba in an rubuta." Ya haɗa ta da guntayen tagulla ya ba masu zuba munduwa. Na je wurinsu. Sun narka tun kafin Mauludi.

Ban gaya wa Inna ba. Ta tambaye ni me ya sa idona ya yi ja, na ce hayaƙin lori ne. In ka ce in gaya mata zan gaya mata.

Kaka, ka zo Yendi. Don Allah.

Zuleha


Salaga, 6 ga Disamba, 1994

Zuleha,

Na gaishe ki, na gaishe da mijinki da yarinya. Jikina babu laifi. Wannan ce ta ƙarshe da zan rubuta da hannuna, don ba na ganin inda layi yake ƙarewa.

Kada ki gaya wa Adisa. Ki ce ya iso, na ga aikin da ta yi, goron ma mai kyau ne. Na san akwai maganar sifirit da auduga a bakinki, kin kuwa haɗiye ta. Ki ci gaba da haɗiyewa.

Yussif ya zo da kansa, ya biyo ta Yeji a kan hanyarsa ta komawa gida. Ya zauna a tabarma ya haɗa su ukun. Ƙugiyar taragon ta shiga ta kan jirgin, na ji ƙarar shigarta. Rabon da su haɗu tun Baba yana da rai. Ya juya su, ya auna tayoyi. Sannan ya ce zai iya zama aikin babbar ma'aikata, zai kuma iya zama na wani kanti mai tsada da ake yi wa 'ya'yan manya. Ya ce, "Malam, ba zan yi maka ƙarya ba. In babu lambar, ni da hedimasta ɗaya muke." Na ce ya yi daidai, haka na koya masa.

Ya so ya je masallaci ya faɗi rabin farko kawai. Na hana shi.

Dattawan da suka yi dariya ran nan, da yawansu faɗan bana ya watsa su, wasu sun mutu. Waɗanda suka rage ba su da lokacin Ɗanlarai. Ba wanda ya ƙaryata shi yanzu, ba wanda ya gaskata shi. Na zaci in an daina dariya zan ji sauƙi. Ban ji ba.

Ba zan zo Yendi ba. Idon da za a buɗe, me zai karanta?

In na mutu ki zo ki ɗauki ukun tare, sauran na kabad a ba makaranta ko a zubar. In Lariba ta girma ta tambaye ki daga ina jirgin ya fito, ki ce ba ki sani ba. Kada ki ƙara komai a kai.

Sunan yana nan a ƙarƙashinsa tun kafin a haifi uwarki. Mutum ɗaya ne ya gan shi a fili, shi kuma bai iya karatu ba. An narka shi a Bawku, an yi munduwa.

Idirisu Ɗanlarai